Koyar Da Yara Labarin Ruby Bridges Daga Nesa: Jagora Ga Malamai Da Iyaye

Ranar Litinin, 14 ga Nuwamba, 1960, wata yarinya 'yar shekara shida ta hau matakalar makarantar firamare ta William Frantz a birnin New Orleans, jihar Louisiana, a kudancin Amurka. Mahaifiyarta na gefenta, jami'an tsaron gwamnatin tarayya huɗu sun sa su a tsakiya, a bakin titi kuma taron jama'a ne ana ta ihu da jifa. Sunanta Ruby Bridges, kuma ita ce baƙar fata ta farko da ta shiga makarantar a matsayin ɗaliba. Kafin mako ya zagayo iyaye fararen fata sun kwashe 'ya'yansu kusan kakaf. Ta zauna ita kaɗai a aji, da malama ɗaya, har kusan ƙarshen shekarar karatu.

Yara na karɓar wannan labari hannu bibbiyu, domin mai labarin sa'arsu ce: tana da jakar makaranta, tana da abincin tara, tana neman abokin wasa. Sai dai labari ne mai nauyi, nauyin kuma yana ƙaruwa idan ta waya ko kwamfuta za a ba da shi. Malamin da ke tsaye a aji yana ganin yaron da jikinsa ya yi sanyi, ya matsa kusa ya dafa shi. Wanda ke koyarwa ta Zoom ko Google Meet ƙananan akwatuna kawai yake gani a allo, rabinsu ma baƙi wuluk saboda an kashe kyamara don tattalin data. Tun da annobar korona ta rufe makarantu a 2020, koyarwa daga nesa ta zama ruwan dare, amma ba kowane darasi ake ɗauka daga aji a zuba a intanet yadda yake ba. Wannan sai an sake masa tsari. Abin da ke tafe na malami ne ko malama, da uba ko uwar da ke son zama da 'ya'yanta a gaban allo.

Ka fara sanin labarin da kyau

Kada ka shiga darasi da guntun labarin da aka saba yaɗawa, wai yarinya ta yi jarumta, ƙofa ta buɗe, shi ke nan. Yara za su tambaye ka wa ya rufe ƙofar tun farko, kuma dole ka sami amsa.

A 1892, a wannan birni dai na New Orleans, aka kama wani mutum mai suna Homer Plessy saboda ya zauna a taragon jirgin ƙasa da aka ware wa fararen fata. Shari'arsa ta kai Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a 1896 cewa raba mutane bisa launin fata bai saɓa wa tsarin mulki ba, muddin abin da aka ba kowane ɓangare daidai yake. Bai taɓa zama daidai ba. Makarantun baƙaƙen fata su ne masu cunkoso, da tsofaffin littattafai, da kuɗi kaɗan. Aka tafi a haka har ranar 17 ga Mayu, 1954, da Kotun Ƙolin ta rushe wannan tsari a makarantun gwamnati, a shari'ar da ke ɗauke da sunan Oliver Brown na garin Topeka a jihar Kansas, wanda aka hana 'yarsa Linda shiga makarantar unguwarsu. Alƙalai tara ne, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Babban lauyan masu ƙara shi ne Thurgood Marshall, wanda daga baya ya zama baƙar fata na farko a cikin alƙalan kotun.

An haifi Ruby ranar 8 ga Satumba, 1954, a Tylertown ta jihar Mississippi, ƙasa da wata huɗu bayan hukuncin. Wannan ƙaramin lissafi ya fi dogon bayani amfani ga yara. Doka ta fito tun kafin a haife ta, amma sai da ta yi rarrafe, ta yi tafiya, ta yi magana, ta kai shekara shida, hukumomin Louisiana na ta jan ƙafa, kafin wani alƙalin kotun tarayya, J. Skelly Wright, ya tilasta musu. Ko a nan ma sai da aka yi wa yara baƙar fata jarabawar tantancewa. Shida aka ce sun haye. Biyu suka zauna a tsohuwar makarantarsu, uku, wato Leona Tate da Tessie Prevost da Gail Etienne, aka kai su makarantar McDonogh 19 a wannan safiyar, Ruby kuma aka tura ta William Frantz ita kaɗai. Ka riƙe sunayen ukun nan. Su ma 'yan shekara shida ne, su ma an watse an bar musu makaranta, har an lulluɓe tagogin ajinsu da takarda don kada a hango su daga waje.

Shirin da ake yi kafin ranar

Abu na farko saƙo ne ga iyaye, kwana biyu ko uku kafin darasi. Gajere: za mu yi magana kan wariyar launin fata a makarantun Amurka, za mu ga hoton yarinyar da aka yi wa ihu, muna roƙon wani babba ya kasance kusa da yaro. Wannan roƙo na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci a duk shirin. A aji, idan darasi ya ƙare yara sukan fita tare, su yi wasa, nauyin ya ragu. A darasin nesa da zarar ka latsa fita, allo ya mutu, yaron ya rage shi kaɗai a ɗaki da abin da ya ji.

Na biyu, ka sauke hotunan a kwamfutarka tun da wuri, ka kuma tura wa iyaye su a WhatsApp a matsayin ƙananan fayil. Idan sabis ya yi rauni, abu na farko da ke lalacewa shi ne hoton da kake nunawa a allo. Muryarka takan jure. Yaron da ke da hoton a wayar babarsa zai iya binka ko da allonka ya daskare. Bidiyon tarihi kuwa ka yi taka-tsantsan da shi. Yana cin data, cikin Turanci yake, kuma sautin taron masu ihu a cikin kunnen yaro mai sanye da abin saurare ya fi ƙarfin abin da kake zato. Ga 'yan firamare ni ban ga bukatarsa ba.

Na uku, tsawon lokaci. Zoom na kyauta yana katsewa bayan minti 40, kuma hankalin ɗan shekara bakwai a gaban allo bai kai haka ba. Minti 30 ya ishi 'yan shekara shida zuwa takwas, 40 ga waɗanda suka ɗara haka. Kowane yaro ya zo da takarda da fensir. Aji kada ya wuce adadin da za ka iya kiran sunan kowa aƙalla sau ɗaya.

Ka zaɓi labari ɗaya. Jarabar malami ita ce ya haɗa Ruby da Rosa Parks da Martin Luther King da Mandela a zama ɗaya, don kowanne ya cancanta. Yaro zai tashi da tarin sunaye, babu ko ɗaya da ya shiga zuciyarsa.

Hoto kafin magana

Bayan gaisuwa, kada ka ce komai a kan wariya. Ka sa hoton nan da aka ɗauka a ƙofar makarantar: 'yar ƙaramar yarinya tana saukowa daga matakala, jaka a hannu, farar safa a ƙafa, manyan mutane sanye da kwat kewaye da ita, da ƙyallen shaida ɗaure a damtsensu. Ka ce kowa ya kalla, babu magana. Ka ƙirga talatin a zuci. Shiru a Zoom yana da wuyar jurewa, za ka ji kamar layi ya yanke, amma ka daure.

Sannan ka tambaya: me kuka gani? Abin da ido ya gani kawai, ban da zato. Masu iya rubutu su rubuta a akwatin saƙo, ƙanana ka kira su ɗaya bayan ɗaya su buɗe makirfo. A nan ne allo ya fi aji. Kana iya jawo hoton kusa, ka tsaya a kan takalminta, ka matsa zuwa hannun da ke riƙe da jaka, ka ɗaga zuwa fuskokin jami'an, kowane yaro kuma yana gani kamar shi ne a kujerar gaba. Wani zai ce, "Malam, ba ta kai musu ƙugu ba." Wata za ta ce, "Malam, ina sauran yaran?" Idan wannan tambayar ta fito daga bakin yaro, ƙofar darasin ta buɗe. Idan ba ta fito ba, kai ka jefa ta: wannan makaranta ce, lokacin tashi ne, ina sauran ɗalibai?

Akwai kuma zanen Norman Rockwell da mujallar Look ta buga a Janairun 1964, wanda aka rataye a Fadar White House na ɗan lokaci a 2011, zamanin Barack Obama. Yarinya cikin farar riga tana tafiya da littafi da rula, jami'ai huɗu an yanke kawunansu daga zanen don ido ya tsaya a kanta, a bango ga tumatir da aka jefo ya fashe. A bangon kuma akwai kalmar zagi mafi muni da ake yi wa baƙar fata a Amurka. Ga ƙanana, ka datse wannan sashe kafin ka nuna. Ga manya, ka gaya musu tun kafin hoton ya bayyana cewa akwai ta, kuma ba za mu furta ta ba, ba za mu rubuta ta a akwatin saƙo ba.

Ka ba da labarin da bakinka

Yanzu ka daina nuna hoto, fuskarka ta cika allon. Ka kalli idon kyamara, kada ka kalli takarda. Minti takwas zuwa goma, a hankali, da gajerun jimloli, domin murya ta intanet takan ɗan makara.

Ka fara da abin da Ruby ta sani a ranar, wato kusan babu komai. Iyayenta sun ce mata za ta sabuwar makaranta, ta natsu. Da ta ga taro da 'yan sanda da shinge, ta ɗauka bikin Mardi Gras ne, babban bikin shekara-shekara na birninsu. Ranar farko ba ta ma shiga aji ba. A ofishin shugabar makaranta suka wuni ita da mahaifiyarta, suna kallon iyaye na shigowa suna ficewa da 'ya'yansu. Washegari ta haɗu da Barbara Henry, wata malama baturiya daga Boston, sabuwar zuwa birnin, wadda ita ce ta yarda ta koyar da ita. Aji guda, kujeru babu kowa, malamar ta jawo kujera ta zauna kusa da ita. Ba ta fita filin wasa, ba ta cin abinci da kowa. Har ta kai tana ɓoye abincinta a cikin kabad, don abin da take so shi ne ta ci tare da yara.

Ka tsaya nan ka yi tambaya. Yaran da ke gabanka kowannensu yana zaune shi kaɗai da malami ɗaya a allo, sun san ɗanɗanon karatu babu abokin zama. Ka tambaye su me suka fi kewa idan ba sa tare da 'yan ajinsu. Amma ka fayyace bambancin: su nisa ne ko lalura ta raba su da abokai, ita kuwa mutane ne suka zaɓi su guje ta saboda launin fatarta.

Akwai abubuwa biyu a labarin da sai ka auna. Wata mata a cikin taron takan yi barazanar sa mata guba, shi ya sa aka hana ta cin komai sai abin da ta zo da shi daga gida. Wata kuma ta ɗaga 'yar tsana baƙa a cikin ɗan akwatin gawa, abin da Ruby ta ce daga baya ya fi ihun tsorata ta. Ga 'yan ƙasa da shekara tara ka bar su duka. Ya isa ka ce mutanen sun faɗi munanan maganganu, sun yi ƙoƙarin tsorata ta. Ga manya ka faɗa, a taƙaice, ba tare da hoto ba. Gaskiya kake son ba su, kuma gaskiyar ba ta bukatar yaro ya kasa barci.

Sashen da bai kamata ka tsallake ba shi ne na kusan ƙarshen shekara, lokacin da aka bar ta ta haɗu da 'yan yara fararen fata da suka dawo. Wani yaro ya ce mata ba zai yi wasa da ita ba, don mahaifiyarsa ta hana shi saboda ita baƙa ce. A nan ne, in ji ta, ta fahimci dalilin komai. Kuma ba ta ji haushin yaron ba, don ita ma da uwarta ta hana ta wani abu da ta bi. Yara na gane wannan nan take. Ka tambaye su: yaron nan, da ra'ayin aka haife shi, ko koya masa aka yi?

Jarumta ta wa?

Nan ne zuciyar darasin, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Idan ka nuna Ruby a matsayin yarinya ta daban wadda ba ta san tsoro ba, yara za su yi mata tafi su koma harkarsu, don sun san su suna jin tsoro. Ka kuma ɗora wa 'yar shekara shida kayan da manya ne suka ɗaura. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wannan jinkar mutane da yawa ne suka ɗaga ta.

Ka ce kowa ya zana ƙaramar da'ira a tsakiyar takarda, ya rubuta Ruby. Kai kuma ka riƙa kawo mutane ɗaya-ɗaya, su suna zana su a kewaye, da abin da kowa ya yi da abin da ya rasa.

Mahaifiyarta, Lucille, ita ce ta dage. Ta taso tana aikin gona a Mississippi, ba ta sami karatu mai zurfi ba, ta ce 'yarta sai ta samu, kuma ba don ita kaɗai ba. Mahaifinta, Abon, tsohon soja ne da ya ji rauni a yaƙin Koriya. Da farko bai yarda ba, don ya san abin da zai biyo baya, kuma abin ya biyo: an kore shi daga aikinsa a gidan mai. Ka tsaya a kansa kaɗan. Mutumin da ya ji tsoro don iyalinsa, ya faɗi tsoronsa, sannan ya tsaya tare da su, yara na bukatar su ji cewa shi ma yana cikin da'irar. Kakanninta a Mississippi an tashe su daga gonar da suka daɗe suna noma. Kantin da suke cefane ya daina sayar musu. Sai maƙwabta: wani ya ba mahaifin aiki, wasu suka riƙa gadin gidan, wasu suna bin motar jami'an a ƙafa. Barbara Henry ta sha ƙyama daga abokan aikinta, ta kuma zo kullum. Wani limamin coci bature, Lloyd Foreman, ya ratsa taron riƙe da hannun 'yarsa Pam mai shekara biyar ya kai ta makaranta, ya sha zagi da barazana. Likitan ƙwaƙwalwar yara Robert Coles ya riƙa zuwa gidansu yana zama da Ruby, tana zane yana saurare.

Idan an gama, kowa ya ɗaga takardarsa ga kyamara. Allon zai cika da da'irori, kuma kai a karo na farko za ka ga abin da ya shiga kan kowane yaro. Sannan tambaya ɗaya: a cikin mutanen nan, aikin wa kake jin za ka iya? Kada ka tambaye su ko za su iya abin da Ruby ta yi. Kowa zai ce e, babu wanda zai yi tunani. Amma "zan iya zama kusa da ita a aji" ko "zan iya raka ta" amsa ce da yaro zai iya cikawa gobe.

Zanen nan yana kuma amsa tambayar da ba ta rasa fitowa: "Malama, duk turawa haka suke?" Ba sai ka yi wa'azi ba. Ka ce ya duba takardarsa, ya ga waɗanne ne fararen fata a cikin da'irar, sannan ya tuna waɗanda ke bakin titi.

Ga 'yan sakandare

Masu shekara goma sha biyu zuwa sama sun fi dacewa da labarin sa'anninsu. A Satumban 1957 ɗalibai baƙar fata tara suka nufi makarantar Central High da ke Little Rock, jihar Arkansas. Gwamna Orval Faubus ya sa dakarun jihar suka tare ƙofa. An shirya su taru su tafi tare ranar 4 ga wata, amma saƙon bai isa ga Elizabeth Eckford ba, don gidansu babu tarho. Ta je ita kaɗai, tana 'yar shekara 15. Hoton da Will Counts ya ɗauka ya nuna ta sanye da baƙin tabarau, littafi a ƙirji, a bayanta wata yarinya farar fata, Hazel Bryan, baki buɗe tana ihu. Sai da Shugaba Eisenhower ya turo sojojin tarayya kafin taran suka samu zama a makarantar daga ranar 25 ga Satumba.

Ka yi amfani da hoton kamar na Ruby, amma ka raba su ƙananan rukuni a ɗakunan tattaunawa na Zoom, minti shida, kowane rukuni da fuska ɗaya a hoton: Elizabeth, Hazel, da masu tafiya a gefe suna kallo ba su ce komai ba. Rukuni na uku ne ya fi kawo magana mai ma'ana. Ka riƙa leƙa ɗakunan, kada ka bar su su kaɗai da irin wannan batu. Ka kuma gaya musu abin da hoton bai nuna ba: wata baturiya, Grace Lorch, ta fito daga cikin jama'a ta raka Elizabeth ta shiga bas, Hazel ta nemi gafara bayan wasu shekaru, sun yi abota na ɗan lokaci a ƙarshen shekarun 1990, abotar kuma ba ta ɗore ba. Matasa sun isa jin cewa sulhu yakan zo da wuya. Shekarar da taran suka yi a ciki ma azaba ce ta kullum. An kori Minnijean Brown a Fabrairun 1958 bayan ta mayar da martani ga masu tsangwamarta, Ernest Green ya kammala a watan Mayu, gwamnan kuma ya rufe manyan makarantun birnin na tsawon shekarar karatu ta gaba.

In akwai zama na biyu, ka kawo Barbara Johns, 'yar shekara 16 da ta jagoranci ɗalibai sama da 400 suka ƙaurace wa karatu a makarantar Moton da ke Farmville, jihar Virginia, ranar 23 ga Afrilu, 1951, saboda cunkoso da azuzuwan wucin gadi. Ƙararsu na cikin biyar ɗin da aka haɗa a hukuncin 1954. Ita ba manya ne suka tura ta ba, ita ta ja su.

Central High har yanzu makaranta ce, kuma wurin tarihi ne na ƙasa. Kana iya nuna gabanta da titin da Elizabeth ta bi ta taswirar Google mai nuna tituna. Hukumar da ke kula da wuraren tarihin Amurka tana da shirye-shiryen koyarwa daga nesa. Mai son haɗa ajinsa da su daga Najeriya ko Nijar ya tuna agogonmu na gaban na Arkansas da sa'a shida ko bakwai, gwargwadon lokacin shekara, kuma zai zama tafinta.

Abin da za ka guje wa

Kada ka raba yara gida biyu don su "ɗanɗani" wariya, kada ka sa wasu su kwaikwayi masu ihu. A intanet abin ya fi haɗari, don ana iya ɗaukar hoton allo ko naɗar murya, a yaɗa ba tare da bayani ba. Kada ka naɗi darasin sai da izinin iyaye. Idan akwai yaron da ya bambanta da sauran a launi ko yare ko addini, kada ka maishe shi misali, kada ka ce ya faɗi yadda yake ji. Ka kulle saƙon sirri tsakanin ɗalibai kafin a fara.

Kada kuma ka yi gaggawar cewa "mu ma a nan haka ne". Wariyar Amurka tana da nata tushe, a bauta da dokokin da suka biyo bayanta, kuma ta cancanci a fahimce ta a yadda take. Yara da kansu za su kawo abin da suka sani: wadda ake tsokana saboda tana ɗingishi, sabon ɗalibin da ba ya jin yaren garin. Idan sun kawo, ka saurara, ka hana ambaton suna, ka mayar da su ga takardarsu: wa ke cikin da'irar wannan yaron?

In sun tambaya ko an gama, ka faɗi gaskiya. Dokar wariya ta faɗi. Ruby ta girma, ta kafa gidauniya a 1999, tana zagaya makarantu tana magana da yara, kuma akwai mutum-mutuminta a harabar tsohuwar makarantar. Amma a biranen Amurka da yawa har yau unguwa da talauci na raba yara a makarantu, ko da babu dokar da ta ce a raba.

Idan babu sabis mai ƙarfi, da abin da ke biyo baya

Duk wannan ana iya yinsa ta WhatsApp, a kwana uku. Ranar farko ka tura hoton kaɗai da tambayar me kuka gani, yara su amsa da saƙon murya. Rana ta biyu ka tura labarin a saƙonnin murya uku ko huɗu, kowanne kada ya wuce minti biyu, don a iya saukewa a kuma maimaita. Rana ta uku zanen da'ira, iyaye su ɗauki hoto su turo. Wannan hanyar tana da ribar da Zoom ba shi da ita: wayar ta babba ce, don haka babba na wurin, kuma sau da yawa shi ma karon farko ke nan da ya ji labarin.

Ko ta wace hanya ka bi, kada ka rufe darasi a kan taron masu ihu. Minti biyar na ƙarshe na aikin hannu ne: wasiƙa ta layi uku zuwa ga mutum ɗaya a cikin da'irar, ko zanen ajin Ruby da kujerun cike da yara. Ka zauna a layi bayan sallama, ka ce duk mai tambaya ya tsaya, kai ne na ƙarshen fita. Ka rubuta sunan duk yaron da ya kashe kyamara a tsakiyar labari ko ya daina magana, ka kira iyayensa da yamma ka ji yadda ya wuni. A zama na gaba ka fara da karanta wasiƙun waɗanda suka yarda a karanta nasu, kafin ka shiga sabon darasi.